Ƙafar da Ke Bin Garma

Shekarar da aka kawo mana shanun huɗa, ba wanda bai zo kallo ba a ƙauyenmu. Har tsohon makahon da ke zama gindin kuka sai da ya ce a ja shi ya shafa. Bijimai biyu ne, ɗaya ja ɗaya fari, da garmar ƙarfe mai hannu biyu da karkiyarta. Ƙauyen namu yana kusa da Ketare, a ƙasar Kankara, kuma lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana dai ta maganar tafiyarsu. Malamin gona ne ya zaɓi maigidana, Malam, cikin manoman da za a ba, saboda gonarmu ta auduga shimfiɗaɗɗiya ce, ba kututture. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, kuma a gaban mai gari ya faɗe shi: shanun na aiki ne. Duk wanda ya bar su tsaye damina biyu a jere, za a kwance su a kai wa wani.

Malam ya yi dariya. Ya ce, "Damina biyu? Ranka ya daɗe, ko yini biyu ba za su samu ba."

Irin kulawar da aka yi wa bijiman nan, ni da na tsufa a gidan ban taɓa samun rabinta ba. An kafa masu rumfa. An ware masu rumbun harawa. Kanwa ba ta yanke masu, dusa kuwa ni ke tankaɗe ta. Mai allurar shanu ya zo ya yi masu allura, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ɗaga kofato ya leƙa. Malam kuma aka kai shi gonar gwaji ya yi makonni yana koyon ɗaura karkiya da riƙon garma, ya dawo yana taku kamar wanda ya sauko daga Makka. Shi kaɗai aka koya wa, don shi ne maigida. Muna da ƙanensa a gidan, gandunsu ɗaya, gwauro ne a lokacin, matarsa ta fita. Da ya kai hannu ga garmar sai Malam ya daka mashi tsawa.

"Kai! Wannan ba fartanyar kakarka ba ce."

"Yaya, kakar tamu dai ɗaya ce."

"To je ka nemi fartanyar tata."

Wanda bai tashi a ƙauye ba ƙila bai san kurkunu ba, to bari in faɗa mashi. Wani farin abu ne siriri, dogo, kamar zaren da aka kaɗa da mazari. Yana zaune cikin naman mutum, mutum bai sani ba. Sai damina ta faɗi, wurin ya fara ƙaiƙayi, ya yi bororo, ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi, sannan ya huda fata ya leƙo. Galibi a ƙafa yake fita. Ba a jan shi da ƙarfi, don in ya tsinke a ciki ƙafar sai ta kumbura ta tara ruwa, sai wanzami ya zo da ƙarfensa mai zafi ya yi sakiya. Kan shi ake naɗewa a tsinke, kullum a murza kaɗan, mai shi na kwance wata guda, wani har biyu. Kuma bai san wani lokaci ba sai lokacin huɗa da noman fari. Abin da kowa ya sani a garinmu shi ne a cikin jini yake, kowa da nashi, ƙanshin ruwan fari ne ke tashe shi. Haka na ji ga uwata, haka na faɗa wa 'ya'yana.

Damina ta faɗi. Malam ya ɗaura karkiya, ya ja kunya 'yan kaɗan, miƙaƙƙu kamar an sa igiya, mutane na ta salati. Kafin ya kai kwata ɗin gonar, kurkunu ya fito mashi a ƙafa biyu. Ba a daɗe ba na ƙanen ya fito a idon sawu. Ko da bai fito ba ma, ai bai iya garma ba. Ni da fartanya na yi abin da zan iya, muka kira gayya, rabin waɗanda suka zo ɗingishi suke yi. Auduga ta yi latti. Bijimai kuwa suna rumfa suna tuƙa, wuyansu na ƙara kauri. In mata sun biyo ta ƙofar gidanmu sai in ji suna cewa, "Kai, shanun gidan nan sun fi masu su lafiya."

Wajen ƙarshen damina malamin gona ya zo a kan kekensa. Ya tarar da Malam a zaure, ƙafafu a miƙe. Ya ce mashi sannu da jiki, sau ɗaya, ya wuce rumfa. Ina bayan zana ina kallonsa yana shafa bayan jan bijimin.

"Ma sha Allahu, sun yi kyau. Sai dai, Malam, ba kyau aka kawo su yi ba. Damina ɗaya ta tafi. Saura ɗaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya gare ni."

Malam ya ce, "Ke, shiga ciki."

"Ai ina ciki, bakina ne a waje. Ranka ya daɗe, sa an yi mashi allura, an duba mashi kofato. Ƙafar da za ta bi shi, wa aka turo ya duba ta?"

Ya juyo yana neman inda muryar ke fitowa. Ya ce, "Inna, ni malamin gona ne. Ƙafa ta 'yan asibiti ce."

"To san da kansa zai riƙe garmar?"

Ya yi dariya, amma ba ta raini ba. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce abin da yake gani ke nan daga Pauwa har Sabuwa, shanu a tsaye, masu su a kwance, kuma shi ma abin na damunsa. Amma in bai kwance su ba, na sama da shi zai zo ya kwance. Ya hau kekensa ya tafi, ya bar ni da zuciya kamar ta fashe.

Bayan kaka aka yi shela cewa matar malamin makarantar Ketare ta buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a cikin gidanta. Na wuce arba'in a lokacin. 'Ya'yana mata ne, duk sun yi aure, babbar tana Faskari. Ban tafi don ina sha'awar boko ba. Na tafi don na gaji da duk wanda ya zo a kan keke ya san abin da ban sani ba. Malam bai hana ba, don har lokacin yana dogara sanda, ba shi da ƙarfin gardama da ni. Ƙanen nashi kuwa, da yake akwai wasa tsakaninmu, ya samu abin yi.

"Matata za ta zama akawu! In kin zama, ki fara nemo mani mata a cikin 'yan ajin."

"Wa za ta aure ka da ƙafa kamar turmi?"

"Ke ai kin zauna da mai turmi biyu."

Malamar tamu yarinya ce, ɗiyata ta fari ta girme ta. Kafin aure ta ɗan koyi aikin jinya a Katsina. Karatun ya ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Hannun da ya saba da taɓarya, in ya riƙe alli sai ya karya. Amma ni ba na jin kunyar tambaya. Ranar nan tana koya mana baƙaƙe na ajiye allo na ce, "Malama, wannan karatun naku ya san kurkunu?"

Ta ce ya san shi. Ta ba ni wata farar kwalba ta ce in cika ta da ruwan tafkinmu, wanda muke sha, in zo da ita.

Da na kawo, ta fita tsakar gida ta ɗaga kwalbar saitin rana, ta ce in matso. Da farko ban ga komai ba sai ruwa mai ƙasa-ƙasa, irin wanda na sani tun ina yarinya. Ta ce in kafa ido. Sai na ga wasu 'yan fararen ɗigo, ƙanana ƙwarai, suna zillo suna tsalle. Ta ce waɗannan ba su ne kurkunu ba, su ne jakunan da ke ɗauke da shi. In mai kurkunu ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, kurkunun sai ya zubar da 'ya'yansa a ruwa, waɗannan su haɗiye, mu kuma mu haɗiye su. Ta ɗauko farin ƙyalle mai matsattsen saƙa, ta ɗaura a bakin kwano, ta tsiyaye ruwan. Ta miƙo mani ƙyallen. Ga su nan a kai suna motsi. Ruwan kwanon kuwa, na ɗaga na duba, na sake dubawa, babu ko ɗaya.

Na ce, "Shi ke nan? Ƙyalle?"

"Shi ke nan, Inna. Sai dai kar a yi fashi, ko sau ɗaya. Kuma sai an yi haƙuri, don shekara yake yi a jiki kafin ya fito."

Na ɗauki allona na kama hanya ina murna kamar na tsinci raƙumi. Na kusa rabin hanya sai maganarta ta ƙarshe ta dawo mani. Shekara. Na tsaya cik. In shekara yake yi, to wanda zai fito damina mai zuwa an riga an sha shi a daminar da ta wuce. Na juya na koma Ketare, na same ta tana wanke-wanke.

"Malama, wanda aka riga aka sha fa?"

Ta dube ni, ta gane inda na dosa. Ta ce, "Wannan sai ya fito, Inna. Ba ni da maganinsa, kuma ban san mai shi ba."

Wata macen da nan za ta jefar da ƙyallen. Ni a hanyar komawa na raba abin gida biyu. Ƙyalle na shekarar gaba ne. Na bana kuwa, tunda ban san ƙafar wa za ta faɗi ba, sai kowace ƙafa da ke gidanmu ta iya bin garma.

Na bari sai da Malam ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan na faɗa mashi duka. Maganar ruwa ya ce tatsuniyar yara ce, ubansa da kakansa tafkin nan suka sha. Na ce ai shi ya sa ubansa ya mutu da ƙafa ɗaya a shanye. Na ce ban roƙe shi ya yarda ba, ya sha abin da na zuba mashi kawai. Wannan bai dame shi ba, ruwa aikin mata ne. Maganar garma ce ta tada mashi jijiyar wuya.

"Ni aka kai gonar gwaji. Ni aka koya wa."

"An koya maka don ka tafi da shi lahira?"

"Yaron nan zai karya mani ita."

"Yaron da ya yi furfura a gemu? Malam, in ka kwanta bana, ilmin nan kwanciya zai yi tare da kai a zaure, kamar bara. Ka koya mashi. Ka koya mani."

"Ke? Mace da garma? A ce me a gari?"

"Abin da ake cewa yanzu ya fi daɗi?"

Ya yi kwanaki ba ya yi mani magana sai ta dole. Daga baya ya ce zai koya wa ƙanensa, ni kuma in riƙa jan shanun a gaba, tunda dai dole wani ya ja. Na ce to. Na san wanda ke jan shanu yana da ido.

Rani ne, gona ta ƙeƙashe, garma ba ta shiga. Sai muka riƙa kai su busasshen rafin da ke bayan gari muna huɗa yashi. Mutane suka riƙa tsayawa a kan gaɓa suna kallon gidan da ke huɗar rairayi. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, me za a shuka, kifi?" Ƙanen ya fara da ƙyar, garma na jan shi yana bin ta da gudu, daga baya hannunsa ya faɗa. Ni kuma na karɓe ciyar da bijiman gaba ɗaya, ina ba su harawa ina yi masu magana, har suka san muryata. Duk ranar da Malam ya tafi kasuwar Kankara, ni da ƙanen mu koma rafi, mu yi musaya, shi a gaba ni a baya. Garma na da nauyi, amma ba ta fi tulun da nake ɗauka tun ina budurwa ba. Malam ya sani. Ya ga sawuna a bayan garma a kan yashi, na gan shi yana kallo. Bai hana ba.

Ta wajen ruwa kuwa na zama masifa, kuma ba na nadama. Na ɗaure bakin randa da ƙyalle. Tulu ba ya shiga ɗaki sai ya bi ta kaina. Wanda zai fita, in cika mashi gora in rataya mashi. Na ɗinka wani ɗan ƙyallen na ƙulle a bakin zanena. Da ɗiyata ta haihu na je suna Faskari, surukarta ta kawo mani ruwa a ƙwarya, na kwance ƙyallena a gaban mata na ce a ba ni wata ƙwaryar.

Surukar ta ce, "Ikon Allah. Ruwan gidanmu ne ƙazami?"

Na ce, "Ruwan kowa ne, har na gidana. Zo ki gani."

Ba ta zo ba. Ɗiyata ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka, ta ce na kunyata ta a gidan miji. Na ce kunya ba ta kwantar da mutum wata biyu. Kafin in dawo gida labari ya riga ni, aka sa mani suna Gwaggo mai tata.

Damina ta biyu ta faɗi, kurkunu ya fito wa Malam tun kafin a ɗaura karkiya. Na faɗa masu haka za a yi, tun da rani na faɗa, amma ba wanda ya tuna. Gari ya ɗauka. In na je ɗiban ruwa sai mata su ce, "Gwaggo, ina tatar? Ko ta ƙyallen ya bi?" Har ƙanen mijin nawa ya ce, "Matata, kin sa mun sha ruwan tsumma wata da watanni a banza." Wannan ta yi mani ciwo, don shi ya san gaskiya, neman dariya kawai yake yi. Malam kuma zafi ya ishe shi, ya ce a kama shi a kai shi tafki ya tsoma ƙafa. Na ce sai dai a bi ta kaina. Na kawo mashi ruwa a kasko ya tsoma, da ya gama na kai can kan tsandauri na zubar. Ya kira ni da sunayen da ban taɓa ji a bakinsa ba. Washegari na sake kawo kaskon.

Ƙanen ya riƙe garma ina ja, muka huɗe gefen tudu, kusan rabin gonar. Sai nashi ya fito a gwiwa. Ya daure ya ƙara yini ɗaya, da yamma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ga rabin gona a kwance, ga laima ba ta jiran kowa.

Da safe na ɗaura wa bijiman karkiya ni kaɗai, na kora su gona. A miƙe suna bin muryata, ba sai an ja su ba. Matsalar a ƙarshen kunya take, inda za a juya su. Sai in saki garma in zagaya gaba, kafin in dawo sun taka abin da na huɗa. Rana ta ɗaga ban yi abin kirki ba, gumi na shiga mani ido, ina zagin sa, ina zagin kurkunu, ina zagin mai keke. Sai na hangi jakinmu tafe. Malam ne a kai, ƙafafu naɗe da tsumma, ƙanensa na biye da sanda yana jan ƙafa. Malam bai dube ni ba. Ya sauka da ƙyar a wancan bakin gonar ya zauna a ƙasa, ya ce wa ƙanen, "Kai koma can ƙarshen." Ni kuma ya ce, "Turo su."

Haka muka yi. In na iso bakinsa ya kama igiyar hanci daga zaune ya juya su, in na isa wancan bakin ƙanen ya juya su. Duk kunyar da aka gama, su ja gindi su matsa gaba. Guragu biyu da mace ɗaya, muka haɗu muka zama manomi guda. Mutanen da suka zo dariya sun yi dariyarsu sun gaji, wasu suka tsaya suna kallo.

Muna cikin haka, wata hantsi, sai ga malamin gona. An kai mashi labarin Malam ya sake kwanciya, don haka ba shi kaɗai ya zo ba. Akwai wani mutumin Pauwa a bayansa, da sabuwar igiya a kafaɗa. Sun je gida sun tarar da rumfa wayam, aka nuno masu gona. Ya jingine kekensa a jikin ɗorawa, ya tsaya yana kallonmu har na kai ƙarshen kunya na dawo. Ban tsaya ba sai da ya ɗaga hannu.

Ya bi gonar yana dubawa. Ya ce, "Wa ya yi wannan huɗar?"

Ƙanen ya ce daga inda yake zaune, "Ranka ya daɗe, miƙaƙƙun nan na tudu nawa ne. Waɗanda suka je Sabuwa suka dawo kuwa, na matata ne."

Ba ƙarya ya yi ba. Kunyoyina kamar sawun maciji suke.

Malamin gona bai yi dariya ba. Ya dubi Malam ya ce, "Ni kai na sani. Kai aka koya wa, kai aka ba."

Na san Malam da girman kai, kuma ga baƙo a tsaye. Amma sai Malam ya ce, "An koya mani, ni kuma na koya masu. Gonar ta gandu ce. Ka ce kar shanu su tsaya. Ga su nan, ka tambaye su ko sun tsaya."

Malamin gona ya dubi bijiman. Sun rame, kafaɗunsu sun yi kanta inda karkiya ke zama. Ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya shigo cikin laka ya tsaya kusa da ni.

"Inna, kama in gani."

Na kama, na yi wa shanun magana, muka taka. Ya ce, "Tsaya. Hannun damanki ya fi danna, taɓarya ta saba maki. Kuma bakin garma kike kallo. Bar kallonta, ta san aikinta. Kin ga waccan kukar? Kafa mata ido ki nufe ta."

Na kafa wa kuka ido. Da na kai bakin Malam na waiga, sai ga kunya ta miƙe. Ba kamar ta Malam ba, amma ba ta je Sabuwa ba. Ya sa na sake, na kuma sakewa, yana biye da ni cikin laka, har ya gamsu. Sannan ya juya wajen mutumin Pauwa ya ba shi haƙuri, ya ce waɗannan suna da masu su. Mutumin bai yi fushi ba, ya ce dama shi ma ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Na ba shi ruwan gorana ya sha, na faɗa mashi abin da Malama ta nuna mani. Ban san ko ya ɗauka ba. Ya tafi da igiyarsa.

Nawa kurkunun ya yi mani mutunci, sai da aka gama huɗa aka yi shuka ya fito, a damtse. Na naɗe shi a tsinke na ci gaba da zuwa aji da ɗaya hannun. A wannan shekarar na fara haɗa baƙi in karanta, shi ya sa yau nake iya rubuta wannan da kaina.

Tun daga lokacin na ga abubuwa da yawa an kawo ƙasar nan. Na ga injin ban ruwa, na ga tarakta, na ga gini mai rufin kwano da aka ce asibiti ne. Duk wanda aka kawo sai an tara mutane an yi jawabi an ce arziki ya zo. Ni ba na musu, ina son kaya mai kyau. Amma in an gama tafi, tambayata ba ta canza ba. Wa zai riƙe shi? Lafiyarsa lau? Shi kaɗai ya iya, ko in ya kwanta akwai wani? Na ga tarakta ta ruɓe a gindin mangwaro don direbanta ɗaya ne kuma ya koma birni. Ana ƙidaya shanun ƙasar nan tun ina yarinya, ana auna audugarta. Ƙafafun da ke kwance a zaure lokacin huɗa, ban taɓa ganin wanda aka aiko ya duba su ba.

Damina ta uku na yi ta duba ƙafafun Malam kamar mai duba kofato, har ya ce in bar shi ya sarara. Ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi ƙanshinta, ba abin da ya tashi. Aka yi huɗa, aka yi noman fari, aka yi maimai, yana tsaye. Ni ma haka. Ƙanen ne kaɗai ya kwanta, kuma kowa ya san dalili: ya je neman aure wani ƙauye wajen Sabuwa, aka kawo mashi ruwa a gidan surukai, ya ji kunyar fiddo ƙyalle. Ya samu matar, ya samu kurkunu. Amaryar da ta tare, kafin in nuna mata madafa na kai ta rafi na nuna mata garma.

Wasu gidajen sun fara ɗaure bakin randa a wannan shekarar, wasu sun ce sa'a ce muka yi. Malam bai taɓa buɗe baki ya ce ina da gaskiya ba, har ya koma ga Allah. Amma wata ranar kasuwar Kankara na ɗauki hularsa zan wanke, sai wani ɗan farin ƙyalle a ninke ya faɗo daga ciki. Na wanke shi, na shanya, na mayar inda yake. Jan da Farin kuwa a rumfarmu suka tsufa.